Babi Na Uku: Rabon Tsayayyun Adiresoshin IP ga Uwayen Garke a Ƙaramin Tsarin Sadarwa

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo bayani a kan kayan aikin da ake buƙata wajen haɗa kwamfutocin ofis ɗaya su riƙa magana da juna, tun daga waya da suwici har zuwa rauta. Wannan babi kuwa zai dubi yadda ake raba wa waɗannan na'urori adiresoshi, musamman manyan kwamfutocin nan da saura suke dogara da su, waɗanda ake kira uwayen garke, ma'aikatan fannin kuma suke ce musu saba. An gina bayanin ne a kan yanayin ƙananan hukumomin Batsari da Safana da ke yammacin Jihar Katsina, domin tsarin da ya dace da babban birni mai wadatar wuta da layukan sadarwa ba lallai ne ya dace da waɗannan wurare ba. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, dole ne a tsara adiresoshi ta yadda aikin cikin gida zai ci gaba da tafiya ko da hanyar waje ta yanke.

3.1 Ma'anar Adireshin IP

Adireshin IP lamba ce da ake bai wa kowace na'ura da ke kan tsarin sadarwa domin a san inda za a kai mata saƙo, kamar dai yadda lambar akwatin gidan waya take ga mai karɓar wasiƙa. Nau'in da aka fi amfani da shi a ƙananan ofisoshi shi ne IPv4, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a watan Satumba na 1981. Wannan adireshi yana da gurabe 32, kowane gurbi ko dai sifili ne ko ɗaya. Domin sauƙin karatu sai aka kasa guraben kashi huɗu, ana rubuta kowane kashi da lamba daga 0 zuwa 255, ana raba su da ɗigo, misali 192.168.10.5.

Kowane adireshi yana ɗauke da bayani iri biyu. Ɓangaren farko yana nuna unguwar da na'ura take, ɓangare na biyu kuma yana nuna gidanta a cikin unguwar. Abin da ke nuna iyakar ɓangarorin biyu shi ne lambar da ake rubutawa bayan sanda. Idan aka rubuta 192.168.10.0/24, ana nufin gurabe 24 na farko na unguwa ne, 8 da suka rage na gidaje. Gurabe 8 suna ba da adiresoshi 256, amma na farko sunan unguwar ne ita kanta, na ƙarshe kuma na shela ne ga kowa da kowa. Ke nan 254 ne kawai za a iya raba wa na'urori.

3.2 Adireshin Waje da Adireshin Cikin Gida

Gurabe 32 suna ba da adiresoshi 4,294,967,296. A 1981 an ga kamar wannan adadi ya wadatar, amma tun farkon shekarun 1990 masana suka hango cewa zai ƙare. Haka kuwa aka yi, domin a ranar 3 ga Fabrairu, 2011 hukumar IANA ta raba ragowar manyan rukunonin da ke hannunta ga cibiyoyin yankuna biyar na duniya. Cibiyar da ke kula da Afirka ita ce AFRINIC, mai hedkwata a tsibirin Morishiyos, kuma daga gare ta kamfanonin sadarwa na Nijeriya suke samun nasu kason, sannan su ba masu hulɗa da su haya.

Saboda wannan ƙarancin aka kasa adiresoshi gida biyu. Adireshin waje shi ne wanda ba shi da na biyu a duk duniya, kuma da shi ake iya riskar na'ura daga ko'ina. Adireshin cikin gida kuwa kowa yana iya amfani da shi ba tare da neman izini ba, sai dai ba ya fita intanet. A watan Maris na 1994 aka keɓe rukunoni uku domin wannan aiki:

(i) 10.0.0.0 zuwa 10.255.255.255
(ii) 172.16.0.0 zuwa 172.31.255.255
(iii) 192.168.0.0 zuwa 192.168.255.255

Dabarar da ke haɗa gidajen biyu ita ce NAT, wadda aka bayyana a 1994. Ana iya kwatanta ta da zauren gidan Bahaushe. Baƙo ba ya sanin ɗakunan cikin gida, zaure kawai ya sani. A nan yake sallama, yaro ya shiga da saƙo, ya kuma fito da amsa. Rauta ita ce zauren, ita ke riƙe da adireshin waje, tana kuma tuna wanda ya aiki wa, domin ta mayar wa kowa amsarsa.

3.3 Dalilin Bai wa Uwar Garke Tsayayyen Adireshi

Hanya biyu ce na'ura take samun adireshi. Ta farko ita ce ta aro, inda wata na'ura, galibi rauta, take ara wa duk wanda ya shigo adireshi na wani ƙayyadadden lokaci ta hanyar tsarin DHCP, wanda ya fara fitowa a 1993. Ta biyu ita ce a rubuta wa na'ura adireshinta da hannu, ya zauna ba ya sauyawa. Wannan shi ne tsayayyen adireshi.

Adireshin aro ya dace da wayar hannu da kwamfutar ma'aikaci, tun da su ne suke neman wasu, ba a cika neman su ba. Uwar garke kuwa ita ake nema. Idan rumbun bayanan marasa lafiya na wani asibiti yana kan 192.168.10.5 yau, gobe kuma ya koma 192.168.10.87, duk kwamfutar da aka saita ta nemi na farko za ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa. Kamar mai shago ne da yake sauya rumfa kowace ranar kasuwa ba tare da sanar da abokan cinikinsa ba.

Akwai wani dalili da ya shafi wutar lantarki, wanda ya fi muhimmanci a karkara. A ofishin da ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareto da sola, na'urori sukan mutu su tashi sau da yawa a yini, kuma ba sa tashi a lokaci ɗaya. Idan uwar garke ta riga rauta tashi, ta nemi aron adireshi ba ta sami amsa ba, sai ta ɗaukar wa kanta wani daga rukunin da ke farawa da 169.254, wanda sauran kwamfutoci ba su san ta da shi ba. Uwar garke mai tsayayyen adireshi ba ta jiran kowa. Da zarar ta tashi tana nan inda aka san ta.

3.4 Yanayin Batsari da Safana

Batsari da Safana maƙwabtan juna ne, dukansu suna iyaka da Jihar Zamfara ta ɓangaren dajin Rugu, kuma suna cikin wuraren da matsalar 'yan bindiga ta fi shafa a Jihar Katsina. A watan Satumba na 2021, zamanin mulkin Gwamna Aminu Bello Masari, an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar a matsayin matakin tsaro, ciki har da Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Dutsin-Ma. Sai a watan Disamba na wannan shekara aka ba da umurnin maido da su a waɗannan wurare.

Wannan lamari darasi ne ga duk mai tsara sadarwar ofis a yankin. Rufe layi yana yanke hanyar waje ne kawai. Ba ya taɓa wayar da ta haɗa ɗakin ajiye katin marasa lafiya da ɗakin magani, ko ofishin akawu da na ma'aji. Saboda haka ofishin da aka tsara adiresoshinsa da kyau zai iya ci gaba da aikinsa na cikin gida tsawon watanni ba tare da intanet ba. Wanda kuma aka ɗaure aikinsa da adireshin waje, to, ranar da layi ya ɗauke, kwamfutoci biyu da ke ɗaki ɗaya ma suna iya kasa ganin juna. Idan abin ya shafi asibiti ko biyan albashi, asarar ba ƙarama ba ce.

Abu na biyu shi ne irin layin da ake samu. Yawancin ƙananan ofisoshi suna shiga intanet ne ta rauta mai ɗaukar layin waya. Kamfanonin waya sukan tara dubban masu hulɗa da su a bayan adiresoshin waje kaɗan, wato zaure a bayan wani zaure. An keɓe rukunin 100.64.0.0 zuwa 100.127.255.255 domin wannan aiki a 2012. Idan mai kula da ofis ya duba rautarsa ya ga adireshin da kamfani ya ba ta yana cikin wannan rukuni ko cikin rukunonin cikin gida, to ya sani cewa babu mai iya riskar uwar garkensa kai tsaye daga waje. Haka abin yake ga tsarin gama-gari na Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023. Tsayayyen adireshin waje sai an nema musamman, an kuma biya kuɗinsa.

3.5 Lissafin Adiresoshin Waje

Kamfanin sadarwa ba ya ba da adiresoshi yadda mai nema ya ga dama. A rukuni yake bayarwa, kuma girman rukuni yana ninkuwa ne: 4, 8, 16, 32. A nan ne masu neman adireshi suka fi yin kuskuren lissafi. A ɗauka an ba wani ofis rukunin 203.0.113.8/29. Waɗannan lambobi suna cikin waɗanda aka keɓe domin misali a rubuce, ba na kowa ba ne. Rukunin yana da adiresoshi 8, ga kuma yadda suke kasuwa:

203.0.113.8 sunan unguwa
203.0.113.9 ƙofar fita, wato rautar da ke kai saƙo waje
203.0.113.10 zuwa 203.0.113.14 na rabawa
203.0.113.15 na shela

Ke nan wanda aka ce an ba shi 8, a zahiri 5 ne a hannunsa. Rukunin /30 mai adiresoshi 4 yana barin guda 1 tak, rukunin /28 mai 16 kuma yana barin 13. Don haka kafin a nemi rukuni sai a fara da tambaya: uwayen garke nawa ne lallai sai an riske su daga waje?

A ɗauki misalin ofis mai uwayen garke huɗu: ta rumbun bayanai, ta ajiye takardu, ta shafin sanarwa, da na'urar naɗar hotunan kyamarorin tsaro. Rumbun bayanai da ma'ajiyar takardu ma'aikatan ciki ne suke amfani da su. Ba su adireshin waje ɓarnar kuɗi ce, sannan buɗe ƙofa ce ga ɓarayin bayanai, domin akwai na'urorin da aikinsu dare da rana shi ne laluben adiresoshin waje suna neman ƙofar da aka bari a buɗe. Shafin sanarwa ne kawai yake buƙatar kowa ya gan shi. Kyamarori kuwa mutum ɗaya ko biyu ne za su duba su daga nesa, kuma ana iya biya musu buƙata ta ɓoyayyar hanyar nan da ake kira VPN. Da wannan tacewa, ofishin da ya zaci yana buƙatar adiresoshi huɗu zai tarar ɗaya ko biyu sun ishe shi.

3.6 Hanyoyin Ɗora Adiresoshin a kan Uwayen Garke

Idan an sami rukunin, akwai hanyoyi uku na amfani da shi.

3.6.1 Rubutawa Kai Tsaye

A nan ana rubuta adireshin waje a jikin uwar garke ita kanta. Hanya ce mai sauƙin fahimta, sai dai tana da illa biyu. Ta farko, uwar garke tana fuskantar duniya gaba da gaba, dole kowacce ta tsare kanta. Ta biyu, adireshin haya ne. Ranar da ofis ya sauya kamfanin sadarwa, sai an bi kowace uwar garke da kowace kwamfutar da ke neman ta an sake saiti.

3.6.2 Ɗaya-da-ɗaya ta Rauta

A wannan hanya kowace uwar garke tana riƙe da tsayayyen adireshin cikin gida, rauta kuma tana riƙe da dukan adiresoshin waje, tana danganta kowanne da takwaransa. Misali, duk saƙon da ya zo wa 203.0.113.10 a miƙa shi ga 192.168.10.7. Amfanin wannan shi ne katangar tsaro tana wuri ɗaya, kuma idan aka sauya kamfani, a rauta kawai za a yi gyara. Mafi muhimmanci, ma'aikatan ciki suna neman uwar garke da adireshinta na gida, wanda rufe layi ba ya shafa.

3.6.3 Adireshi Ɗaya, Tagogi Da Yawa

Kowane adireshi yana da tagogi masu lamba, kowane irin aiki da tasa taga. Shafin intanet yana amsawa a taga ta 80 da ta 443, musayar wasiƙu tsakanin uwayen garke kuma a taga ta 25. Rauta tana iya duba lambar taga ta tura saƙo ga uwar garken da ta dace, ta haka adireshin waje ɗaya zai wadaci ayyuka da yawa. Inda take gazawa shi ne idan uwayen garke biyu suna son taga ɗaya a adireshi ɗaya. A nan sai an ƙara adireshi, ko a sa wata uwar garke a gaba ta riƙa rarraba baƙi gwargwadon sunan shafin da suka nema.

Bisa la'akari da yanayin da aka bayyana a 3.4, wannan nazari yana ganin hanya ta biyu ko ta uku ce ta fi dacewa da Batsari da Safana. Ta farko ba ta dace ba, tun da tana ɗaure aikin cikin gida da abin da ba ya hannun ofis.

3.7 Tsara Adiresoshin Cikin Gida

Kuskuren da ya fi yawa a cikin gida shi ne karo, wato na'urori biyu su ɗauki adireshi ɗaya. Yakan faru idan aka rubuta wa uwar garke adireshi da hannu daga cikin waɗanda rauta take arawa. Rauta ba ta da labari, sai wata rana ta ara wa wayar wani baƙo wannan adireshi. Alamarsa ita ce aiki ya riƙa zuwa yana ɗaukewa ba tare da wani dalili na fili ba, har a riƙa zargin waya ko suwici. Maganinsa shi ne a kasa unguwa tun farko, kowane jinsi da nasa fegi, kamar haka:

192.168.10.1 rauta
192.168.10.2 zuwa 192.168.10.19 uwayen garke
192.168.10.20 zuwa 192.168.10.39 firintoci da suwici da makamantansu
192.168.10.40 zuwa 192.168.10.69 kyamarori
192.168.10.100 zuwa 192.168.10.240 na aro

An bar guraben da ke tsakani da gangan domin ƙari nan gaba. Sannan a umurci rauta kada ta ara komai a wajen fegin ƙarshe.

Girman unguwa ma abin dubawa ne. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, inda kwamfutocin ɗalibai suke karɓar tambayoyi daga uwar garken da ke cikin cibiya. Idan za a kafa ɗakin da zai zaunar da ɗalibai 250, aka ƙara kwamfutocin ko-ta-kwana da uwayen garke da kyamarori, an haura 254. Irin wannan wuri sai rukunin /23, mai adiresoshin rabawa 510.

Haka kuma, idan hukuma ɗaya tana da ofis a Batsari da wani a Safana, tana son haɗa su, kada ofisoshin biyu su yi amfani da lambar unguwa ɗaya. Yawancin rautoci suna fitowa daga kamfani da 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Idan kowane ofis ya bar tasa yadda ta zo, ranar da aka haɗa su kwamfutar Batsari za ta zaci adireshin Safana na ɗakin da ke kusa da ita ne, saƙo ba zai fita ba. Sai a bai wa Batsari 192.168.10.0, Safana kuma 192.168.20.0. Wajen haɗawar, ofis ɗaya kawai yake buƙatar tsayayyen adireshin waje; ɗayan shi ne zai riƙa kira.

Wani abin da ake mantawa shi ne sunaye. Mutane sun fi riƙe suna a kan lamba, kuma tsarin DNS ne yake juya suna zuwa adireshi. Idan ofis ya dogara da DNS na waje kaɗai, ranar da layi ya yanke sunan uwar garke ba zai yi aiki ba, ko da tana nan lafiya a ɗaki na gaba. Ya kamata a ajiye ƙaramin kundin sunaye a cikin gida, ko a rauta ko a ɗaya daga cikin uwayen garke.

3.8 Ajiye Rajista

Duk wannan tsari ba zai ɗore ba idan yana cikin kan mutum ɗaya. Ma'aikaci yakan sami sauyin wurin aiki, wanda aka ɗauko daga Katsina ya haɗa kaya kuma ba kullum hanya take ba shi damar dawowa ba. Don haka a tanadi littafin rajista mai ɗauke da sunan kowace na'ura, da ɗakin da take, da adireshinta na gida, da na waje idan tana da shi, da tagogin da aka buɗe mata, da ranar da aka yi saitin. A liƙa wa kowace uwar garke takarda mai ɗauke da adireshinta. Rajistar ta kasance a takarda, ba a kwamfuta kaɗai ba, domin ranar da aka fi buƙatar ta ita ce ranar da kwamfuta ta ƙi buɗewa. Lambobin sirri kuwa a ajiye su dabam a wurin shugaban ofis.

3.9 Matsayin IPv6

Maganin ƙarancin adiresoshi na dindindin shi ne IPv6, wanda aka fitar da cikakkiyar ƙa'idarsa a watan Disamba na 1998, mai gurabe 128 a maimakon 32. A ƙarƙashinsa kowace na'ura tana iya samun adireshin waje nata na kanta. Sai dai samuwarsa ta dogara da kamfanin da ke ba da layi, kuma ko an same shi ƙa'idojin da aka kawo a wannan babi ba su faɗi ba: uwar garke tana buƙatar adireshin da ba ya sauyawa, katangar tsaro tana nan, rajista ma tana nan.

3.10 Kammalawa

A wannan babi an bayyana ma'anar adireshin IP da bambancin na waje da na cikin gida, da dalilan da suka sa uwar garke take buƙatar tsayayyen adireshi. An nuna cewa rukunin adiresoshi 8 yana barin 5 ne kawai na rabawa, kuma mafi yawan uwayen garken ƙaramin ofis ba sa buƙatar adireshin waje ko kaɗan. An kuma kafa hujja da rufe layukan sadarwa na 2021 cewa a Batsari da Safana ya fi dacewa uwayen garke su riƙe adiresoshin cikin gida, a bar wa rauta na waje. Babi na gaba zai dubi yadda ake saita katangar tsaro a kan wannan tsari, da yadda ake zaɓen tagogin da za a buɗe.